DARASINMU NA YAU: MA'AUNIN DA KE TONA ASIRIN ALGUS

Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi (SAW), darasinmu na wannan fitowa a kan awo yake.

'Yar uwa, kin taɓa sayen madara ko zuma, sai da kika kai gida kika ga ashe an tsarma ruwa? To ki sani, kowane abu mai ruwa-ruwa da nauyin da Allah ya yi masa. Lita ɗaya ta ruwa giram 1000 ce, ta madarar shanu wajen giram 1030, ta zuma wajen 1400, man gyaɗa kuwa bai wuce 920 ba, shi ya sa kullum yake tasowa saman miya. Da an gauraya, nauyin nan zai canza.

Ki gwada a gida. Ki saka ɗanyen ƙwai sabo a kofin ruwa, zai nutse. Ki narka gishiri da yawa a ciki, za ki ga ya taso. Ruwan ne ya ƙara nauyi, ya ɗaga shi. A kan wannan hikima mutanen da suka ƙera ma'auninsu.

Wajen shekara ta 400 Miladiyya, a birnin Iskandariyya na Masar, an yi wata malamar lissafi, Haifashiya. Ɗalibinta Sinisiyus ya rubuto mata wasiƙa yana roƙon ta sa a ƙera masa wani bututun tagulla mai kama da sarewa, da tsage-tsage a jikinsa da nauyi a gindinsa. In an tsoma shi sai ya tsaya a miƙe. A ruwa marar nauyi ya nutse sosai, a mai nauyi ya taso, sai a ƙirga tsagen. Kin ga mace aka nufa da wannan aiki.

Da zamanin Musulunci ya zo, malamanmu suka ɗora. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wata 'yar buta mai hanci. Yakan cika ta da ruwa, ya jefa zinare ko dutse mai daraja, ya auna ruwan da ya zubo, ta haka yake gane na gaske da na jabu. Bayansa sai Al-Khazini, bawa ne da aka 'yanta a birnin Marwa, cikin ƙasar Turkumanistan ta yau. Wajen 1121 ya kammala littafinsa Mizanul Hikma. A ciki ya bayyana sikeli mai faranti biyar, da irin bututun can, ya kuma jera nauyin ruwan sanyi, ruwan zafi, ruwan gishiri, man zaitun, man riɗi, madara da zuma. Sai a 1768 wani mai haɗa magunguna a Faransa, Bome, ya fito da nasa tsarin tsagen. Jikan waɗannan shi ne laktomita, bututun gilas da ake gwada madara da shi a yau.

Amma fa ma'auni ma ana yaudararsa. Maiƙo ya fi ruwa rashin nauyi, don haka in aka kwashe maiƙon madara nauyinta ƙaruwa yake yi. Sai macuci ya zuba ruwa daidai gwargwado, awo ya koma yadda yake. Ga laifi biyu, bututu kuwa ya ce lafiya lau!

Nan ne zancen ya dawo kanmu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana zagayen dare a Madina, ya ji wata mai sayar da madara tana umartar 'yarta ta zuba ruwa, wai Umar ba ya gani. Yarinyar ta ƙi, don Ubangijin Umar yana gani. Ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga tsatsonta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz.

Da yawanmu muna sana'a a cikin gida: man gyaɗa, fura da nono, zoɓo, sabulun ruwa. Mai saye ba ta da bututu ba ta da sikeli, amana kawai ta ba ki, wataƙila ma jariri za ta bai wa madarar. Ki koma Suratul Muɗaffifina ki karanta fassararta a wannan mako, ke da 'ya'yanki, sannan ki dubi abin da kike sayarwa.

Allah ya tsarkake mana abincinmu da sana'armu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.