Amsar Tambaya: Yaya Ake Amfani da De, Em, Por da Para a Harshen Fotugal?

Ƙananan kalmomin da ke nuna wuri, mallaka, dalili ko manufa a harshen Fotugal ba su da yawa. Waɗanda aka fi ji su ne de, em, a, por, para da com. Wahalarsu ita ce huɗu daga cikinsu kan narke da "o" ko "a" da ke zuwa kafin suna. De kan koma do ko da, em ya koma no ko na, a ya koma ao ko à, por kuma pelo ko pela. Bahaushe ya yi hattara, domin "da" ta Fotugal mallaka take nunawa: "a casa da professora" na nufin gidan malama.

Sunayen ƙasashe ma sai an kula. Ana cewa "no Brasil", amma "em Portugal", "em Angola", "em Moçambique".

Por da para su ne suka fi rikita ɗalibi. Para na nuna inda aka dosa ko wanda aka yi wa abu: "vou para Lisboa", zan tafi Lisbon. Por kuwa na nuna dalili, farashi ko hanyar da aka ratsa: "obrigado pela ajuda", na gode da taimako.

Wasu aikatau ba sa rabuwa da abokan tafiyarsu, kamar gostar de, precisar de da pensar em. Shawara ita ce a haddace kowane tare da nasa cikin cikakkiyar jimla, a kuma tsaya kan salon ƙasa ɗaya tun farko, domin ɗan Fotugal kan ce "estou a comer", ɗan Burazil kuma "estou comendo", duka biyun na nufin ina cin abinci.