Ciwon Kafaɗa: Kada Ku Yi Gaggawar Shiga Ɗakin Tiyata

Idan ɗaga hannu sama ya zama wahala, sa riga na jawo zogi, kwanciya ta gefen kafaɗar kuma na hana barci, sau da yawa jijiyoyin da ke ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa ne ke ciwo. Da yawa da sun ji haka sai su fara tara kuɗin tiyata, wai a kankare ƙashin a huta.

Ku dakata tukuna. Bincike biyu da aka wallafa a 2018, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Finland, sun kwatanta waɗanda aka kankare wa ƙashin da waɗanda aka leƙa kafaɗarsu da kyamara kawai, ba a kankare komai ba. Sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta ba da shawarar a daina wannan tiyata a kan irin wannan ciwo.

Ku fara da ganin likitan gashin ƙashi, ya koya muku atisayen ƙarfafa kafaɗa, ku lizimce shi aƙalla wata 3. Nan ne mutane ke gazawa, mako biyu sai a watsar. Ku rage ɗaga kaya sama da kai, amma kada ku ɗaure hannun, kafaɗa sandarewa take yi. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ya sha ibuprofen don rage zogin sai da izinin likita. Allurar kafaɗa kuwa sauƙinta na ɗan lokaci ne.

Amma wanda ya faɗi, hannu ya ƙi ɗaguwa nan take, ko kafaɗa ta kumbura da zazzaɓi, ya tafi asibiti ranar. Jijiyar da ta tsinke tana iya buƙatar ɗinki.