Darasin Abinci: Man Furen-Rana da 'Ya'yansa

Tun da man girki mai haske ya fara shigowa cikin rabon abinci, muna jin tambayoyi iri ɗaya daga iyaye mata a layin karɓar kaya da kuma a likita. Wasu sun ce ya cika tsinkewa kamar ruwa. Wasu sun ce ba ya ƙamshi irin na man gyaɗar gida, har ma akwai masu tambaya ko halal ne. Darasin wannan fitowa a kan wannan mai yake.

Man da hukumar abinci ta duniya, wato PAM, take rabawa a sansanoni ba iri ɗaya ba ne kullum. Wani lokaci na kwakwar manja ne da aka tace har ja ya fita, wani lokaci na furen-rana. Ku duba jikin galan. In kun ga kalmar tournesol da Faransanci ko sunflower da Turanci, ko hoton wani babban fure mai ruwan ɗorawa da baƙin tsakiya, to man furen-rana ne. Tsiro ne da kan fi mutum tsawo. Asalinsa daga Amurka ta Arewa yake, amma yau Yukiren da Rasha ne suka fi kowa noma shi, shi ya sa farashin man girki ya tashi a duniya da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 2022. A Afirka ana noma shi a Tanzaniya da Afirka ta Kudu da Sudan. A tsakiyar furen 'ya'yan suke, su ake matsewa a fitar da mai, kamar yadda ake yi da gyaɗa ko riɗi. Babu kitsen dabba a cikinsa. Rashin ƙamshin daga tacewa ne, tsinkewar kuma halinsa ce: ko a tsakiyar hunturu ba ya daskarewa.

Me yake yi wa jiki? Da farko ƙarfi. Ma'aunin da hukumomin agaji suke bi shi ne mutum ya samu kalori 2,100 a rana, kuma kashi 17 cikin ɗari na wannan ya fito daga mai. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori kusan 120. A cikakken rabo, kason mutum ɗaya bai wuce gram 30 ko kusa da haka a rana ba, wato babban cokali biyu, abin da ya kai kusan lita ɗaya a wata. Mun san ba kowane wata rabo yake cika ba. To in ya yi kaɗan, sai a san inda za a sa shi.

A nan muke so mu daɗe, domin maganar yara ce. Cikin ƙaramin yaro ƙarami ne. Uwa za ta dama koko mai ruwa-ruwa, yaro ya sha cikinsa ya tashi, ta ɗauka ya ƙoshi, alhali yawancin abin da ya sha ruwa ne. Haka tamowa take shigowa gidan da ake ɗora tukunya kullum. Maganin abu ne mai sauƙi: a dama kunun da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, a zuba ƙaramin cokalin mai ɗaya a cikin kwanon yaron bayan an sauke, a juya. Girman abincin bai ƙaru ba, amma ƙarfinsa ya ƙaru. Wannan ga yaron da ya cika wata shida ne. Wanda bai kai ba, nonon uwa kaɗai, babu ruwa, babu mai, babu komai.

Sai bitamin. Furen-rana yana da bitamin E mai yawa daga halittarsa. Babban cokali ɗaya na man yana ba babban mutum kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake buƙata a rana. Bitamin A kuwa ba ya cikinsa tun asali. Zuba shi ake yi a masana'anta, tare da bitamin D, kafin a kawo man rabo. Bitamin A shi ne yake kare yara da mata masu ciki daga dundumi, yana kuma taimakon yaro ya jure ƙyanda da gudawa. Wannan ne bambancin man rabo da man da ake aunawa a kwalba a kasuwa, wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Mun sani wasu gidaje suna sayar da man don su sayi sabulu, ko itace, ko su biya kuɗin niƙa. Ba mu ga laifin kowa ba, buƙata ce. Amma muna roƙon iyaye maza da mata: kafin galan ya fita daga gida, a cika kwalba ɗaya a ajiye ta domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mai ciki da mai shayarwa.

Akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Zogale, rama, alayyafo, kabewa da karas suna ɗauke da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, amma hanji ba ya tsotse shi sosai sai da maiƙo. Kwaɗon zogale da aka ɗiga wa cokalin mai ya fi wanda aka ci gaya amfani a jiki. Haka miyar kuka, haka dambu, haka faten kabewa.

Ga dattawa, wannan mai yana da ƙarancin irin kitsen nan mai daskarewa da ke taruwa a hanyoyin jini. Kashi 11 cikin ɗari ne ko kusa da haka, na manja kuwa ya kai kusan rabi. Don haka ya dace da mai ciwon zuciya ko hawan jini. Sai dai ba magani ba ne. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ya ci gaba da shanta, ya rage gishiri da dunƙule.

Wajen girki, duk abin da man gyaɗa yake yi, wannan ma yana yi: garau-garau, ɗanwake, taliya, soya albasa da tattasai. Inda yake da rauni shi ne suyar da ake maimaitawa. Yana saurin lalacewa a wuta fiye da man kwakwa, bitamin A ɗin ma yana raguwa duk lokacin da aka sake ɗora shi. Masu ƙosai da fanke da awara su kula: kada a bari ya yi hayaƙi, a tace shi da tsumma mai tsabta bayan suya, in ya yi duhu ko yana kumfa ko ya yi danƙo a zubar. Wannan tsohon mai bai kamata ya shiga abincin yaro ba. A ganinmu, a gidan da mai ya yi kaɗan, zuba shi a kan abinci bayan an sauke ya fi suya riba.

Rana da iska su ne abokan gabarsa. Galan ɗin da aka bari a bakin tanti yana shan rana, bitamin ɗinsa yana tafiya tun kafin a ci. A rufe murfi, a sa shi a inuwa, cikin kwali ko a lulluɓe da zane, nesa da murhu. In tukunyar mai ta kama wuta, kada a zuba ruwa, domin wutar za ta fantsama ta kama zana da leda. A rufe ta da murfi, a janye itacen, a watsa yashi a kan abin da ya zube.

Iyaye sun tambaye mu ko ana shafa shi a jiki. Ana yi, musamman lokacin kaskancin fata a hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawarwarinta na 2022 ta ce ana iya shafa wa bakwaini man furen-rana ko man kwakwar attagara. Amma wannan sai da sanin ungozoma ko ma'aikacin lafiya, kuma mai tsabta wanda bai taɓa wuta ba. Ba a sa shi a cibiyar jariri, ba a sa shi a ƙuna, ba a ɗiga shi a ido ko kunne.

'Ya'yan furen ba sa cikin rabo, amma akan gamu da su a kasuwa, kuma mai ɗan fili a lambu zai iya shukawa, yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, in an kare shi daga tsuntsaye. Kusan rabin ƙwayar mai ne, kashi ɗaya cikin biyar kuma sinadarin gina jiki, ga ƙarfen da ke ƙara jini. A soya su sama-sama a kasko, a sussuka a turmi a hankali, a bakace a faifai ɓawon ya fita. Daga nan a daka a zuba a miya kamar agushi, ko a kunu kamar gyaɗa, ko a haɗa da sukari a yi kantu. Yaron da bai kai shekara huɗu ba kada a ba shi ƙwayar sai an daka, domin tana iya shaƙe shi. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, kamar yadda ake yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Irin shuka da aka rina ja ko shuɗi kuwa maganin ƙwari ne a jikinsa, ko an wanke ba a ci, kuma a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.