Nauyin da Muka Ɗora wa "I Am"

Duk malamin da ke duba insha'in Turanci na 'yan sakandare a Dutsin-Ma ko Kurfi ya saba da jimloli irin waɗannan: "I am having two brothers", "I am going to school every day", "I am living in Kurfi since 2015". Yaron da ya rubuta su ba daƙiƙi ba ne, sau da yawa ma ya haddace jadawalin lokutan Turanci yana zubo shi kamar karatun allo. Abin da ya faru shi ne tun a firamare aka ce masa "ina" ita ce "I am", shi kuma ya riƙe da hannu biyu. Kuma kuskuren yana da tsada, domin sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ake shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ga JAMB kuma ta wajabta takardar Turanci a kan kowa, ko aikin gona zai karanta. Ni a ganina ƙarin hadda ba zai yi magani ba. Sai ɗalibi ya gane cewa "ina" ta Hausa tana ɗauke da aiki huɗu, Turanci kuwa ya raba su.

Manomin da ke kusa da dam ɗin Zobe idan ya ce "ina noma", yana iya nufin ga shi a gona da fartanya a hannu, yana kuma iya nufin sana'arsa ke nan, ko da a majalisa yake zaune. Bahaushe ba ya ruɗewa, yanayin magana yana fayyace masa. Bature kuwa jimla biyu zai yi: "I am farming" ga aikin da ke gudana yanzu, "I farm" ga abin da aka saba. Abin sha'awa shi ne nahawun Hausa yana da ma'aunin da zai raba gardama, wato lokaci sabau. Ka cire "ina" ka sa "nakan". In jimlar ta zauna daidai, kamar "nakan je makaranta kullum", to aikatau zai fito tsurarsa ba tare da wutsiyar -ing ba: "I go to school every day". A nan ne kuma ake manta harafin s na "he goes" da "she sells", saboda a Hausa wakilin suna ne ke sauyawa, "yana" ko "tana", aikatau yana nan yadda yake.

Aiki na uku ya fi wayo. Akwai kalmomin da ke nuna mallaka ko hali ko abin da ke cikin zuciya, ba wani motsi da ido zai gani ba. Hausa ta kasa su gida biyu: tana cewa "ina da", "ina so", amma tana cewa "na sani", "na gane", "na yarda". Shi ya sa ɗalibi ɗaya zai rubuta "I am having a bicycle", layi na gaba kuma ya rubuta "I understood" alhali yanzu yake nufi. Turanci ya haɗa su duka a sifa guda: "I have", "I want", "I know", "I understand". Kada wani ya kawo "I am having lunch" a matsayin hujja, domin a can kalmar cin abinci take nufi, kuma ci aiki ne da ake gani.

Na huɗu shi ne duk inda "tun" ta shigo. Bahaushe yana cewa "ina zaune a Kurfi tun 2015" don har yanzu yana can. Bature yana duba tsawon zaman daga farkonsa zuwa yau, sai ya ce "I have been living in Kurfi since 2015". Wannan "have" ɗin ba ta jituwa da lokacin da ya riga ya rufe, saboda haka "na gan shi jiya" ba za ta zama "I have seen him yesterday" ba, sai "I saw him yesterday".

Za a ce ai kowa a Nijeriya yana gane "I am having", har manyan ma'aikata suna faɗa, kuma ƙamus na Oxford da kansa ya karɓi kalmomin Turancin Nijeriya irin su "okada" da "danfo" a 2020. Gaskiya ne, kuma babu laifi a kan mai magana haka a tasha ko a kasuwa. Sai dai kalmomi aka karɓa, ba a sauya nahawu ba, kuma mai maki yana zagaye kowane irin kuskuren nan da jan biro ya rage maki. Wasu malaman kuma za su ce shigo da Hausa cikin darasin Turanci shi ne ke lalata yara, gara a hana ta a aji. Wannan hujja ta manta cewa yaron yana yin fassarar a zuciyarsa ko an hana ko ba a hana ba, jimlolin da ke takardarsa ma shaida ne. Hanin yana ɓoye wa malami inda cutar take ne kawai. Ya kamata masu neman zama malamai a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su fito da iya kwatanta nahawun harsunan biyu a kan allo.

Ga ɗalibi, aikin ba shi da yawa. Kowace rana ka rubuta jimla biyar da Hausa a kan harkokinka, kowace da "ina" a ciki. Kafin ka juya ta, tambayi kanka: yanzu ake yin abin, ko sabo ne, ko hali ne na zuciya da mallaka, ko kuwa akwai "tun"? Rubuta amsar a gefe, sannan ka zaɓi sifar Turancin. Malami kuma in ya ga "I am knowing", kada ya tsaya ga jan layi. Ya sa yaron ya faɗi jimlar da Hausa da ƙarfi, sannan ya tambaye shi a wane gida take cikin huɗun.