Darasi Domin Masu Keke: Tsagaggen Wili da Baƙuwar Sarƙa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, keke ya komo kan hanya. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa ya riga ya fara komowa tun 2021, sa'ad da Gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda rashin tsaro. Mutane suka fito da tsofaffin kekunan da aka jingine a zaure, waɗansu suka sayi na gwanjo. Da shi ake kai masara kasuwar Dandume, da shi ake ɗauko taki, da shi ake kai yaro asibiti. Dukanmu mun sani, lalacewar keke a tsakiyar daji da yamma ba ƙaramin abu ba ne a wannan yanki. Saboda haka za mu duba abu biyu da suka fi yashe mutum a hanya, watau wili da sarƙa.

Wili shi ne zagayayyen ƙarfen nan da taya take zaune a kai. Iri biyu ne. A ɗora masa mayen ƙarfe: in ya kama, na ƙarfe ne, in bai kama ba, na alminiyam ne. Na ƙarfe tsatsa ce take cinsa daga ciki, gama ruwan damina yakan shiga ta ramukan sifok ya kwanta a ƙarƙashin taya inda ido ba ya gani. Na alminiyam ba ya tsatsa, amma robar birki da yashi sukan goge gefensa har ya zama kamar takarda, ran nan iskar taya ta fasa shi. Nauyi kuma yana da nasa laifi. Buhun masara kilo 100 a kan kariya, ga mahayi, ga ramin hanya, duk ƙafar baya ce take sha.

Sau ɗaya a wata sai a kifa keken, a wanke wilin, a juya shi a hankali cikin hasken rana. A duba gindin kowane sifok, a duba wajen bawul, a duba inda aka haɗa bakin ƙarfen biyu. Tsaga takan fara kamar silin gashi. In birki yana kamawa yana saki a wuri ɗaya, ko kuwa an gyara karkacewar wili yau gobe ta komo, to, akwai magana.

Me za a yi da wilin da ya tsage? Da yawa sukan kai wa mai walda. Mu dai ba mu ba da wannan shawara ba. Ƙarfen wili ba shi da kauri, wuta takan tanƙwara shi, tudun walda kuma yakan ci robar birki. Na alminiyam zafi yakan raunana shi. Ga kuɗin walda da na tif da suka fashe, ban da jinyar wanda ya faɗi a gangara. In tsagar ta same mu a hanya, sai a rage iska, a sauke kaya, a tura keken zuwa gida.

Wajen sayen sabo ne ake yawan asara. Mutum ya ce wa mai shago, "Malam, ba ni wili 28," ya biya, ya koma ƙauye, taya ta ƙi zama. Dalili kuwa, 28 iri biyu ne. Na manyan kekuna irin su Raleigh da Phoenix da Hero, wanda aka rubuta 28 x 1½, faɗinsa milimita 635 ne. Na kekunan Turai na zamani shi ma 28 ake kiransa, amma 622 ne. Haka 26: na kekunan gwanjo masu giya da ƙatuwar taya 559 ne, na 26 x 1⅜ da ake gani a kekunan Japan 590 ne. Wannan lamba mai uku tana jikin yawancin tayoyi, misali 40-635. Ita za a rubuta a takarda a tafi da ita Funtuwa ko Malumfashi. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa.

Sa'an nan a ƙirga ramuka. Yawancin kekuna suna da sifok 36 gaba da baya, amma tsohon Raleigh na Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya. Ramukan wili tilas su yi daidai da na hob, watau cibiyar ƙafar. Mun ga inda aka ɗaura wili mai 36 a kan hob mai 40, aka bar ramuka huɗu banza. Ƙafar takan juya, amma jan sifok ba ya zuwa daidai, ba a daɗe ba sabon ma ya tsage. Har wa yau a lura da birki. Birkin sanda yana jan wili daga ciki, yana bukatar wili mai faɗi mai tudu a tsakiya. Birkin waya yana matse gefe, yana bukatar wili mai miƙaƙƙen gefe.

In girma da ramuka sun dace, ga dabara mai sauƙi. A sassauta dukan sifok kaɗan. A jera sabon wili a jikin tsohon, ramin bawul a kan ramin bawul, a ɗaure su da tsumma a wuri uku. Sai a riƙa cire sifok ɗaya ɗaya ana mayar da shi ramin da ke kusa da shi a sabon. Ta haka saƙar ba ta rikicewa. Ɗaurin ƙarshe da daidaitawa a bar wa mai gyaran keke. Kada a manta a yanko tsohon tif a rufe kawunan sifok.

Yanzu sarƙa. Tsawon gaɓa ɗaya ne a dukan kekuna, rabin inci daga ƙusa zuwa ƙusa, shi ya sa mutane suke zaton kowace sarƙa ta yi. Faɗi ne ya bambanta. Ta keke marar giya kashi ɗaya cikin 8 na inci ce, ta mai giya ta fi ta siranta. Siririya ba ta zama a kan haƙoran firiwil mai kauri, sai ta hau bisa ta zame. Mai faɗi kuwa takan maƙale tsakanin giya. Haɗa guntun wannan da guntun waccan domin a cika tsawo, a nan ne sarƙa take tsinkewa, sau da yawa a kan tudu, sa'ad da mahayi ya miƙe ya taka da ƙarfi.

Akwai rashin dacewa na biyu, na tsoho da sabo. Sarƙa da firiwil tare suke tsufa, kamar shanun huɗa da suka saba da juna. A auna da rula: daga ƙusa ɗaya, ƙusa ta 24 a gabanta ta kamata ta faɗi a kan inci 12 cif. In ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, a canja sarƙar kaɗai. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye haƙora, sai a canja su tare. Haƙoran da suka lanƙwashe kamar ƙayar magarya za su sa sabuwar sarƙa tsalle tun ranar farko.

Tun da za a sayi firiwil, masu ɗaukar kaya su yi tunani. Yawanci mai haƙori 18 ake sa wa babban keke. In aka sa mai 20 ko 22, gudu zai ragu kaɗan, amma hawan tudun Faskari da buhu zai yi sauƙi, gwiwa ta huta, sarƙa ma ta huta. Sai dai za a ƙara gaɓa ɗaya ko biyu, daga irin sarƙar nan, ba wata ba.

Bayan an ɗaura, a tsaya a bayan keken a hango. Sarƙar ta tafi sak daga baya zuwa babban faifan gaba. A taɓa ta a tsakiya, ta yi wasa sama da ƙasa kamar rabin inci. A ɗiga mai gaɓa gaɓa, a goge na waje da tsumma, gama da rani mai da ƙura sukan zama kamar dutsen wāshi. Ƙungiyar manoma da ke da kekuna goma tana iya sayen rula ɗaya da sifanar sifok ɗaya, a ajiye wurin ma'aji, a sa ranar da za a duba kekunan kafin kaka ta shigo.