Idan Inji Ya Kasa Numfashi: Kakkarwar Tsohuwar Mota a Silo

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Ɗambatta ko Bichi zuwa Kano ya san wannan hali: da zarar direba ya tsaya ɗaukar fasinja, sai mota ta kama kakkarwa, wani lokaci ma ta mutu. Galibin motocin nan tsofaffi ne, kamar Golf 3 da aka fara ƙerawa a 1991. Ba su da kafireto, injekta ce ke fesa musu fetur.

Inji da jikin ɗan Adam

Ɗalibin ilimin halittu ya san cewa ƙwayoyin jikinmu suna amfani da oksijin su ƙona abinci, su fitar da ƙarfi. Haka inji yake ƙona fetur. Domin wuta ta ci sosai, kowane giram 1 na fetur yana bukatar iska kimanin giram 14.7. A silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, yakan juya sau 600 zuwa 900 a minti, kuma iskar da yake shaƙa 'yar kaɗan ce. Saboda haka ƙaramar matsala ma sai ta ɓata wannan awo, kamar yadda likita kan gane ciwo daga numfashin majinyaci yana kwance.

Matakan bincike

Na farko, a duba matatar iska da maƙogwaron inji. Hazon hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, da ƙurar hanyoyin karkara, sukan haɗu da tururin baƙin mai su daskare a 'yar kafar da iska ke bi a silo. Wankewa kaɗai kan wadatar.

Na biyu, a kasa kunne. Zafi kan sa tiyon roba ya tsage, iskar da kwamfutar mota ba ta auna ba ta kutsa, fetur ya yi kaɗan. Alamarta ita ce ƙara mai kama da tsaki.

Na uku, a kwance fulogi bayan inji ya huce. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. Baƙin kunkunniya na nuna fetur ya yi yawa, fari fat kuwa ya yi kaɗan.

Na huɗu, a duba matatar mai da nozul. Fetur da ya jima a jarka kan ɗauko datti ko ruwa, ya toshe ƙananan hudojin feshi.

Gargaɗi

Kada a taɓa barin inji yana aiki a rufaffen gareji. Hayaƙin salansa na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari. Tana kama jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin ke yi, ninki fiye da 200, kuma tana kisa.

Kammalawa

Direban da ya canza kaya huɗu a rana guda ya kashe kuɗin cefanen iyalinsa, kuma ko motar ta warke bai san abin da ya dame ta ba. Ƙa'idar ɗakin gwaji ita ce ta gareji: a fara da mafi sauƙi, a canza abu ɗaya, a tayar da inji, a lura, a rubuta. Malamai na iya aro tsofaffin fulogogi wajen bakanike, ɗalibai su ware su bisa launi, su faɗi dalili.