Yadda Ake Zaɓen Koto a Mahaɗar Kogi da Teku

Masuncin da ya saba da Kogin Kwara a Fegge ta Anacha, ko wanda ya taso a Yawuri, in ya sauka Fatakwal zai tarar da wani ruwa daban. Kogin Bonny da rafukan da ke kewaye da shi gauraye suke da ruwan gishiri, kuma suna cika suna janyewa sau biyu a kwana guda. Tana da gara da ƙullin dusa, waɗanda ke janyo tarwaɗa da karfasa a gida, a nan ba su cika birge manyan kifaye ba. Kifin teku abin da ya saba farauta yake bi.

Fara da zuwa bakin ruwa lokacin da ya janye, ka bar fatsa a gida. Duba taɓo da gindin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa. Za ka ga jatan lande, da ƙananan kaguwa, da 'ya'yan kifi masu ƙyalli suna yawo a tare. Wanda ya fi yawa a ranar shi ne kotonka. Kifin farko da ka kama kuwa, farke cikinsa ka ga abin da ya haɗiya, babu malamin da ya fi wannan.

Sannan ka san lokaci. Ruwa kan ɗauki kamar awa 6 yana shigowa, awa 6 yana fita, kuma kullum yana jinkirta da kusan minti 50. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14, don haka lissafin watan Musulunci zai yi maka amfani. Kifi ya fi cin koto sa'ad da ruwa ke tafiya, musamman a bakin ƙaramin rafi inda janyewar ke kwaso jatan lande.

Ɗanyen jatan lande mai rai ya fi komai, amma yana saurin mutuwa, ƙananan kifaye kuma suna tsince shi. Nan ne koton gashin tsuntsu yake da rana. Masunta a Ingila da Sikotilan sun daɗe suna ɗaura irinsa don wani kifin ruwan sanyi, sea trout, wanda ke barin teku ya hau kogi. Babu shi a ruwanmu, amma dabarar tana ci a nan. Samu ƙugiya mai dogon wuya, ka naɗe wuyan da takarda mai ƙyalli, ka ɗora farin gashin zakara biyu ko uku, ka ɗaure kan da jan zare tamau. Kada tsawonsa ya wuce ɗan yatsa. Sa ƙaramar dalma kamu ɗaya sama da shi don ya jefu.

Ni dai ina ganin iri huɗu sun ishi mutum. In ruwa ya yi garau, kamar yadda yakan yi da rani sa'ad da gishiri ke hawowa, sa fari siriri mai kama da ɗan kifi, ka riƙa jan sa da sauri. In damina ta dama ruwa, ɗauki babba mai ruwan ɗorawa ko ja, wanda za a hango cikin laka. Da dare ko da asuba baƙi ne gwani, domin kifi daga ƙasa yake kallo, inuwar koton yake gani. In jatan lande kake kwaikwayo, yi amfani da gashi mai ruwan ƙasa, ka bar shi ya nutse, ka riƙa fizgarsa kaɗan-kaɗan kana dakatawa. Kifi ya biyo bai kama ba? Rage girman koto kafin ka sake launi.

Inda kifin barakuda yake, haɗa guntuwar waya tsakanin ƙugiya da zare, haƙoransa suna datse zare nan take. Bayan ka gama kamun kifi, wanke ƙugiyoyi da ruwan daɗi ka shanya, gishiri ba ya barin ƙarfe.

Kafin ka jefa fatsa a kowane rafi, gaisa da masu wurin, ko mutanen Okrika ne ko Kalabari, ka nemi izini, domin kowane ruwa da masu shi. Inda ka ga maiƙo yana sheƙi a saman ruwa ko ka ji warin man fetur, wuce gaba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda ɗanyen mai ya ɓata rafukan yankin, kuma kifin irin wannan ruwa bai dace da tukunyar iyali ba.